Haɗin zuma da tarin alhazai: muhawarar da ta ɗauki zaure kwana biyu

Alhaji Mai Zuma (Misfala): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda ya iya rubutu irin na jami'a, da Larabci ko Turanci, ya taimaka min. Da yawanku kun san haɗin tarin da nake yi, zuma da citta da kanumfari da lemon tsami da wani ganye da marigayiya mahaifiyata ta koya min. A aikin Hajjin da ya wuce na ba alhazai 42 na masaukin da ke kusa da shagona, duk masu tarin nan da ke kama mutane bayan an sauko daga Mina. Na rubuta kowa a littafi da ranar da ya fara sha. Kafin kwana 10, mutum 38 sun zo da ƙafarsu sun ce tari ya tafi. So nake a rubuta wannan a matsayin bincike in kai wa hukumar abinci da magunguna, ko Allah zai sa a ba ni izini in riƙa zubawa a kwalba da takarda a jiki mai cewa an gwada. Ba don kuɗi kaɗai ba wallahi, na ga yadda tsofaffi ke kwana a zaune saboda tarin nan.

Hajiya Mai Tuwo (Shara Mansur): Wa alaikumus salam. Ni shaida ce. Na sha, 'yan aikina sun sha. Kwana shida muryata ta dawo. Allah ya ƙara buɗi Alhaji.

Sista Hauwa (Jidda): Baba Alhaji barka da dare. Allah ya saka da alheri da kula da baƙin Allah, kuma littafin nan da ka riƙe abu ne da mutane da yawa ba sa yi. Tambaya ɗaya gare ni. A wannan masaukin akwai masu tarin da ba su sha haɗinka ba. Su nawa ne suka warke cikin kwana 10?

Alhaji Mai Zuma: 'Yata ai ban ƙirga su ba. Me zai kai ni ƙirga wanda bai sha ba? Maganin nake gwadawa, wanda ya sha shi ne abin dubawa. Kuma gani ya kori ji, da idona na ga sun warke.

Sista Hauwa: Na yarda sun warke Baba. Abin da ban sani ba, kuma kai ma littafinka bai nuna ba, shi ne wa ya warkar da su bayan ikon Allah, haɗin ne ko kuwa jikinsu ne ya gama yaƙinsa. Shekara takwas ina aikin jinya a ƙasar nan. Yawancin tarin alhazai irin na mura ne, ga cunkoso, ga ƙura, ga sanyin na'ura bayan zafin rana. Irin wannan ko ba a sha komai ba yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa uku. To idan na ba mutum 42 ruwan ɗumi zalla, mai yiwuwa ni ma in samu 38 ɗina. Sai ruwan ɗumin ya zama hankaka mai da ɗan wani naka.

Ɗan Maiurno (Jidda): Maganar Sista ta tuna min gonarmu a bakin kogi kusa da Sinnar. Wata shekara wani ya kawo wa mahaifina sabon taki, ya zuba a gonar dawa gaba ɗaya. Dawa ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Aka yi ta yabon taki. Sai da aka zo sussuka muka ga maƙwabcinmu da bai zuba ko cokali ba shi ma rumbunsa ya cika, ashe damina ce ta yi albarka a shekarar. Da shekara ta zagayo tsoho ya ja igiya ya raba gonar biyu, rabi da taki rabi babu, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya. Bai taɓa shiga aji ba, allo kaɗai ya yi. Ya ce kuɗinsa ba zai sake fita ba sai ya ga kunya biyu gefe da gefe.

Hajiya Mai Tuwo: To mutum ai ba dawa ba ne ɗan nan. Ka ga tsohuwa na tari kamar ƙirjinta zai tsage, ka ce mata ke ba za a ba ki ba, ke ce rabin gonar da babu taki? Wannan ai rashin imani ne.

Usman (ɗalibin harhaɗa magunguna, Jami'ar Sarki Abdul'aziz): Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don abin nan shi nake karanta dare da rana. Hajiya, tambayarki mai nauyi ce kuma zan dawo kanta.

Kowa a nan ya tuna farkon korona, lokacin da aka rufe Harami muka ga wurin ɗawafi fayau a talabijin. A watan Maris na 2020 wani farfesa a Marsai ta ƙasar Faransa, Didier Raoult, ya fitar da sakamakon gwajin haidroksiklorokwin, ɗan uwan klorokwin ɗin da muka sha tun muna yara. Mutum 26 ya fara ba wa maganin, amma da ya zo lissafi 20 ya ƙirga. Shidan da ya ajiye gefe, uku an kai su ɗakin kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina sha saboda tashin zuciya. Waɗanda ya kwatanta da su kuma ba ƙuri'a ce ta ware su ba, wasu ma a wasu asibitoci dabam suke. Duniya ta ruɗe. A Najeriya aka yi wawason klorokwin, har hukumomin Legas suka sanar an kwantar da mutane saboda sun sha fiye da kima.

Sai Ingila ta yi gwajin da ake kira RECOVERY. Aka sa kwamfuta ta raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a. Mutum 1,561 suka samu maganin, 3,155 suka samu kulawar da aka saba. Bayan kwana 28, kashi 27 cikin ɗari na masu shan maganin sun rasu, na ɗaya ɓangaren kashi 25. Babu wani amfani ke nan. Amma ku lura da abin da nake so ku gani: ko a cikin masu shan maganin, kashi 73 sun rayu. Da likita ɗaya ne yake duba nasa marasa lafiyar kaɗai, da zai rantse da Alƙur'ani maganin na aiki, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da idonsa ya gani ke nan. Ita takardar farfesan nan daga baya mujallar da ta buga ta ta janye ta a Disamba 2024.

Gwajin nan ɗaya kuma shi ya gano deksametason, tsohon magani mai araha da ke kowane kemis. A cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba wanda zai iya gane haka da ido a gefen gado.

Shi ya sa Baba Alhaji, ni mutum huɗun nan da ba su dawo ba su ne suka tsaya min a rai. Ina suke?

Alhaji Mai Zuma: Zan duba littafi. Amma Usman ɗana, kana nufin alhazai 38 ƙarya suka yi min?

Sista Hauwa: A'a Baba, ba ƙarya ba ce, kara ce. Ka san halinmu. Ka tambayi Bahaushe ya jiki, ko yana kan gargara zai ce da sauƙi alhamdulillahi. Balle dattijo ya ba shi magani kyauta a Makka, da fara'a, da addu'a. Wa zai dube ka ya ce bai yi min komai ba? Ga wani abu kuma. Mutum ba ya neman magani sai ranar da tari ya kai maƙura, daga nan kuwa sai saukowa, duk abin da ya sha a ranar faɗuwa ta zo daidai da zama. Sannan na tabbata da yawansu sun je wurin likitocin hukumar alhazai an ba su ƙwayoyi, suna sha tare da haɗinka. Cikin biyun wanne za mu yaba?

Kawu Direba (Kudai): Ni na yi shiru ina karantawa amma raina ya fara ɓaci. Ku 'yan boko kullum gwaji gwaji, a raba mutane biyu. Ni ɗan Kano ne. Ina gari a 1996 da sanƙarau ya ɓarke, kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya raba yara 200 gida biyu, rabi sabon maganinsa Trovan rabi wani magani. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Wannan ba shi ne irin gwajin da kuke yabo ba? Ba shi ya sa mutanenmu suka tsorata da allurar shan inna daga baya ba? Gara Alhaji da ya ba kowa zuma bai hana kowa ba.

Usman: Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Ba wanda zai karanta labarin nan bai ji ciwo ba, kuma ba zan kare shi ba. Iyaye da gwamnati sun kai ƙara a kan cewa ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba, da zargin cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a daga baya aka rubuta ta, da zargin rage wa ɗaya rukunin yawan maganinsu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Duk abin da aka yi ƙorafi a kai cin amana ne ga talaka mara lafiya. Amma Kawu ka yi tunani, da a ce yaran 200 duka aka ɗura wa Trovan ba a raba ba, cin amanar zai ragu? Sai dai ya ƙaru, don duka za su sha abin da ba a tabbatar ba, kuma ba za a taɓa sanin me ya yi musu ba. Maganin abin da ya faru a Kano shi ne a tsaya kan yardar mutum da sa idon hukuma.

Nan ne amsar Hajiya ma take. Ba a hana mara lafiya maganin da aka riga aka san yana aiki. Ana kwatanta sabo ne da mafi kyawun abin da ke hannu. Ƙuri'a tana halatta ne kawai a inda da gaske ba a san wanne ya fi ba. A irin wannan halin tsohuwar da ba ta samu haɗin ba ba a cuce ta ba, don ba mu sani ba ko ita ce ta dace.

Kawu Direba: Na ji. Amma har gobe ni ba a gwada komai a kan 'ya'yana.

Sista Hauwa: Haƙƙinka ne Kawu, kuma duk gwajin da bai ba ka damar cewa a'a ba haramtacce ne tun daga tushe.

Malam Na Madina: Assalamu alaikum. Sai yanzu na dawo daga darasi na tarar da wannan. Na ga kamar ana so a mai da abin boko da gargajiya, ko Turawa da mu. Ba haka ba ne. Abubakar Arrazi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekara ta 925 miladiyya, ya rubuta a cikin littafinsa Alhawi yadda ya yi da masu alamun ciwon sarsam, wanda ake fassara shi da sanƙarau. Ya ce ya fitar wa wata ƙungiya jini, ya bar wata da gangan bai fitar mata ba, don yana so ya kai ga ra'ayi tabbatacce. Yau likitoci ba sa maganin sanƙarau ta wannan hanyar, amma tunanin barin wasu don a kwatanta yana nan a littafin Musulmi sama da shekara dubu. Ibnu Sina ma a cikin littafinsa Alƙanun ya jera sharuɗɗa bakwai na gwada magani, daga ciki har da cewa a ga aikinsa yana maimaituwa, in ba haka ba dace ne.

Kuma a nan garin da nake zaune aka yi ƙissar dabino da Muslim ya ruwaito. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga mutane suna ɗauko furen namijin dabino suna sa wa mace, ya nuna ko ba su yi ba zai yi kyau. Suka bari, dabinon ya fito ba kyau. Da suka gaya masa sai ya ce ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku. Sahabbai sun gane amfanin aikin nasu ne a shekarar da suka bar shi. Ita ƙuri'a kuwa shari'a ta san ta, ya tabbata yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya, don kada son zuciya ya shiga zaɓi.

Zuma akwai waraka a cikinta ga mutane, nassin Alƙur'ani ne a Suratun Nahli, ba mai jayayya. Amma ayar ba ta ambaci haɗin Alhaji da awonsa da ganyensa ba. Wannan da'awar Alhaji ce, kuma hujja tana kan mai da'awa.

Alhaji Mai Zuma: Allah ya gafarta Malam. Wannan magana ta shige ni.

Usman: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Baba Alhaji, ga abin da zai faranta maka. Ita zuma kanta an gwada ta da kwatanci, yara masu tarin mura, wasu zuma wasu ba komai ko abin zaƙi da ba zuma ba, aka ga alamar tana rage tarin dare. Har hukumomin lafiya a Ingila suna ba da shawarar a fara da ita kafin a ruga neman ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta. Sharaɗi dai kada a ba jaririn da bai cika shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye masa jiki. To ka ga tambayarka ta gaskiya ita ce, haɗinka ya fi zuma zalla a ruwan ɗumi? In bai fi ba, alhaji ya sayi zumarsa ya huta.

Injiniya Bashir (Yanbu): Ina tare da ku amma kada a wuce gona da iri. Ba kowane ilimi ne ya jira rukunin kwatanci ba. A Janairu 1922 a Toronto aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar insulin yana dab da mutuwa da ciwon suga, ya farfaɗo. Ba wanda ya ce a raba yara biyu a bar rabi su mutu. Mu ma a matatar mai idan bututu na yoyo muka ɗaure ya tsaya, ba ma neman wani bututun mu bar shi yana yoyo don kwatanci.

Usman: Gaskiya ne Yaya Bashir, kuma misalinka ya nuna iyakar abin. Irin ciwon sugan yaron nan a wancan zamani an san ƙarshensa, kusan ba mai tsira. Duk yaran da suka gabata su ne abin kwatancin. Bututu ma ba ya ɗinke kansa. Idan cuta ba ta warkewa da kanta, kuma tasirin magani babba ne nan take, ido ya wadatar. Tarin Mina kuwa kusan kowa na warkewa, abin da ake nema a gani shi ne ko kwana tara ya koma bakwai. Wannan ido ba ya kama shi.

Kuma ban ce littafin Baba banza ba ne. Irinsa shi ne matakin farko, da shi ake cewa ga abin da ya cancanci a bincika, ga shi mutum 42 sun sha ba a ji wanda ya yi amai ko ƙaiƙayi ba, in har an tambaya. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne kalmar an gwada a jikin kwalba.

Ɗan Maiurno: To a Hajji mai zuwa Alhaji ya yanka takardu ya zuba a hula, wanda ya ɗauki ja haɗi, wanda ya ɗauki fari zuma zalla. Kwalba iri ɗaya. Shi ke nan.

Sista Hauwa: Tsarin ya yi, har ma ya kamata wanda zai tambayi alhazan ya jiki kada ya san wa ya sha me. Amma don Allah kada Baba ya fara wannan da kansa a shago. A ƙasar nan gwaji a kan ɗan Adam sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma a lokacin Hajji ana sa ido sosai kan abin da ake ba alhazai. Kada alheri ya jawo masa tarhil, a kore shi daga ƙasar. Kuma abin da ya fi damuna, cikin masu tarin nan akwai wanda nasa ciwon huhu ne. Tsoho mai zazzaɓi, ko numfashi sama sama, ko majina da jini, ko mai suga da hawan jini, asibiti ne wurinsa a ranar, kada ya zauna jiran kwana 10. A nan Jidda aka fara gano cutar numfashin nan ta MERS a 2012, a jikin mutumin da shi ma da tari da zazzaɓi ya fara.

Hajiya Mai Tuwo: Ku dai ku yi ta lissafinku. Ni in tari ya kama ni gobe wurin Alhaji zan aika.

Sista Hauwa: Ki aika Hajiya, amma ki faɗa masa kina da suga ya san yawan zumar da zai sa miki.

Alhaji Mai Zuma: Salamu alaikum, barkanmu da asuba. Jiya ban yi barci da wuri ba, na ɗauko littafin na bi shi layi layi. Huɗun nan, biyu jirginsu ya tashi kafin kwana 10, ban san yadda suka ƙare ba. Ɗaya na buga wa jagoransu waya, ya ce a kwana na huɗu jiki ya tsananta aka kai shi asibiti, ya kwana biyar, ya samu lafiya ya koma gida. Wallahi sai jiya na sani, kuma na tuna shi, dattijo ne mai sanda, da ya zo yana haki na ɗauka gajiyar jifa ce. Na huɗun lambarsa ba ta shiga. Na kuma ga ban rubuta wa ke shan maganin asibiti ba, ban ma tambaya ba.

Na fasa maganar takarda a jikin kwalba a yanzu. Usman ɗana, in akwai malami a sashenku da ke duba irin waɗannan haɗe-haɗe, ka yi min hanya in kai masa.

Usman: In sha Allah Baba, zan yi magana ranar Lahadi in an koma karatu. Abin da za su fara tambaya shi ne ganyen nan, sunansa da inda ake samo shi da yawan da kake sawa a kowace kwalba, don sai an san ba ya taɓa hanta ko ƙoda kafin a je ga maganar tari.

Alhaji Mai Zuma: Sunan da tsohuwa ke kiransa da shi kaɗai na sani, ƙanwata ce ke aiko min da shi busasshe daga Gusau ta hannun masu Umara. Zan ce ta ɗauko hoton bishiyar da ɗanyen ganyen da furen in akwai. Busasshen kuma akwai saura a shago, in za ka shigo Makka ranar Juma'a ka biyo ta Misfala bayan an sauko ka karɓa.